Zan koma wani gari, takarduna ba su fito ba: in bar adireshin Kawu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan unguwar Yelwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru, ina zaune a Niyu Yok. Matata 'yar ƙasar Amurka ce, ita ta cika mini takardun neman katin zama na dindindin. An ɗauki zanen yatsuna, an ba ni izinin aiki, muna jiran ranar ganawa. Adireshin Kawuna muka sa a takardun, don a gidansa muke. Yanzu na samu aikin sito a Kolombus, jihar Ohayo, albashi ya fi, haya ta fi sauƙi. Ni zan fara tafiya, matata ta biyo ni in ta gama zangon karatunta. Kawu ya ce kada in taɓa adireshin, wai canzawa tana mayar da dosiye, wato fayil ɗin takarduna, baya, kuma duk wasiƙar da ta zo zai kira ni. Na gaya wa Inna, ta ce kada in saɓa wa ɗan'uwanta, shi ya riƙe ni, shi kuma ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyina. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a sabon aikin.

Ka kama aikinka, ka koma, kuma cikin kwana 10 da saukarka a sabon gida ka sanar da hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS. Doka ce tun 1952, kuma ta hau kan kusan duk wanda ba ɗan ƙasa ba, da mai jiran kati da wanda katinsa ke aljihu. Wanda ya ƙi bi da gangan ana iya cin tararsa ko a ɗaure shi har kwana 30, kuma ƙin sanarwa na cikin dalilan da ake korar mutum daga ƙasar. Ba kasafai ake gurfanar da mutum kan wannan kaɗai ba. Abin da nake jiye maka ya fi wannan kusa: wasiƙar da za a aiko maka ta same ka a makare.

Na san abin da ya sa Inna ba ta ga abin tashin hankali. Mu a nan Garwa, in ana neman mutum a Yelwa ko Rumde Ajiya, sai a ce bayan masallaci, gidan da ke da darbejiya a ƙofa. Mai babur ya kai ka, in mai gidan ya tashi maƙwabta su nuna maka inda ya koma. Takarda kuwa, akwatin gidan waya ɗaya na wani ɗan kasuwa ya ishi dangi kaf. A can hukuma ba ta fita neman kowa. Da ta jefa wasiƙa a adireshin ƙarshe da ka ba ta, a wurinta ta gama magana da kai. Ka gani ko ba ka gani ba, an fara ƙirga maka kwanaki.

Bari in gaya maka wasiƙun da ke gabanka, sai ka auna da kanka ko kiran wayar Kawu ya isa. Akwai ta ranar ganawa. Wanda bai je ba, bai kuma nemi a ɗage ba, ana iya ɗauka ya yi watsi da buƙatarsa, a rufe dosiye. Kuɗin da ka biya sun tafi, izinin aikin da ya rataya a kan dosiyen shi ma ya shiga haɗari. Akwai ta neman ƙarin hujja, kuma ita ce ta fi cin mutanenmu. Mafi yawan lokacin da ake bayarwa mako 12 ne, da ƙarin kwana 3 na hanya, kwana 87 ke nan, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma ba a ƙara ko yini. Daga ranar da aka rubuta a kan takardar ake lissafi. To ka ƙaddara takardar haihuwa suka nema, cikakkiya. Sai yayanka ya je ofishin magajin gari a nan Garwa. In aka ga ba a yi maka rajista a kan lokaci ba, kamar yadda ya faru da yara da yawa a Arewacin Kamaru, sai an bi ta kotu an karɓo hukuncin da ke maye gurbinta. Sannan a aika, sannan a fassara daga Faransanci zuwa Turanci, mai fassara ya sa hannun shaida. Wanda ya san tafiyar ofisoshinmu ya san kwana 87 ba su da yawa. In ambulan ta zauna a kan firjin Kawu har ta yi wata, saboda ya yi tafiya, ko yara sun haɗa ta da takardun talla, me ya rage maka?

Sai katin kansa. In aka kai shi gidan da ba sunanka a akwatin wasiƙa, ma'aikacin gidan waya na iya mayar da shi. A 2018 hukumar ta ce katin da ya dawo mata, in mai shi bai neme ta ba cikin ranakun aiki 60, lalata shi take yi. Daga nan sai sabuwar takarda, da yiwuwar sabon biya, da sabon jira.

Maganar Kawu ba ƙarya ce zalla ba, kada ka raina ta. Ana yi wa mutum ganawa ne a ofishin da ke kula da yankin da yake zaune. In ka koma Ohayo, dosiyenka zai bar Niyu Yok ya koma ofishin Kolombus, ya shiga layinsu. Wannan na iya jawo jinkiri, yana kuma iya kawo sauri, don ofisoshin ba cunkosonsu ɗaya ba. Shafin hukumar na nuna tsawon jiran kowanne, ka duba. Amma ba a soke dosiye a fara daga farko, lambar rasidinka tana nan, ranar da aka karɓi takardunka tana nan, ba ka biyan ko sisi. Jinkirin 'yan watanni abu ne da ake haƙuri da shi. In kuwa takardar ganawa ta riga ta fito kafin ka tashi, kuma ranar ta kusa, ka je ganawar a Niyu Yok, ka gaya wa jami'in da bakinka cewa za ka koma ko ka koma.

Yadda ake yi ba wuya. Ka buɗe asusu a shafin USCIS in ba ka da shi, a ciki akwai wurin canza adireshi. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne lambobin rasidi. Kowace takarda da kuka shigar tana da tata lambar, haruffa uku da alƙaluma 10: I-130 da matarka ta cika, I-485 taka, I-765 ta izinin aiki, da I-131 in ka nemi izinin tafiya. Duk wadda ke kan jira a cikin naka ka sa lambarta, matarka ma ta yi wa tata idan ta taso. Wanda ya sa ɗaya ya manta ɗaya, sai wata wasiƙar ta bi sabon gida wata ta bi tsohon. Akwai kuma fom na takarda, AR-11, da ake aikawa ta gidan waya. Ya cika sharaɗin doka, amma ya fi jinkirin shiga, don haka na fi son na intanet. Ka adana shaidar da za su nuna maka, ka ɗauki hotonta, ka buga a takarda. Ranar da wani abu ya ɓata, ita ce za ta yi maka magana. Kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya canza maka, ladan danna waya kawai yake ci. In kana da lauya a dosiyen, ka gaya masa tun kafin ka ɗaure kaya.

Ka je gidan waya ma ka cika nasu fom ɗin na tura wasiƙu, saboda banki da asibiti da sauransu. Amma kada ka ɗauka ya isar maka. Gidan waya ba ya sanar da USCIS, kuma hukumar da kanta ta ce ba a tura wasiƙunta zuwa sabon adireshi. Ranar da ka karɓi makulli ka rubuta cikakken sunanka, yadda yake a fasfo, ka manna a akwatin wasiƙa. In ɗaki ka kama a gidan wani, ka sa sunan mai gidan a layin da aka ware don wanda ake bi ta hannunsa. Lambar ɗaki kada ka bar ta.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ne ya fi nauyi. Dosiyenka a kan aure ya tsaya, kuma jami'in da zai gana da ku aikinsa ke nan ya tabbatar auren na gaske ne. Kai a Ohayo, matarka a Niyu Yok, dole ya yi tambaya. Doka ba ta hana miji da mata zama a gari biyu saboda aiki ko karatu ba, kuma wannan kaɗai ba ya kashe dosiye. Abin da ke kashe shi shi ne a rubuta muna gida ɗaya, sannan takardar albashinka, da yarjejeniyar haya, da lasisin tuƙi duk su nuna wani gari. Waɗannan ba sa ɓoyuwa, kuma a ganawa rantsuwa ake yi. Wanda aka kama ya faɗi ƙarya da gangan a kan abin da ya shafi hukuncin dosiyensa, haramcin da ke hawa kansa na har abada ne, sai fa in an yi masa afuwa ta musamman, wadda ba a samunta cikin sauƙi. Saboda haka ku faɗi abin da yake. Ku sa sunanta a yarjejeniyar hayar Kolombus in mai gida ya yarda. Ku ajiye takardar makarantarta mai nuna ranar gamawa, da takardar ɗaukarka aiki, da tikitin duk ziyarar da kuka kai wa juna, da asusun bankinku na haɗin gwiwa. A nan kam zan so ka biya lauyan shige da fice na zaman awa ɗaya kafin ka tafi. In kuma zangon nata saura 'yan makonni ne, kuma masu aikin za su jira, ku tashi tare ya fi.

Akwai wata ƙofa da dole in ambata. Fom ɗin canza adireshi ya raba inda mutum ke kwana da inda yake karɓar wasiƙa, don haka za ka iya sa Kolombus a na farko ka bar gidan Kawu a na biyu, kuma ba ka karya doka ba. Muddin matarka na gidan tana duba akwatin kullum, wannan na iya yi na ɗan lokaci. Ranar da ta taso, ku kwashe duka. Ban yarda a bar rayuwar dosiye a hannun mutum na uku ba, komai amanarsa.

Shi Kawu, kada ka je masa da sigar gyara. Mutum ne da ya buɗe maka ƙofa, ya kuma ɗaura wa kansa nauyi a gaban gwamnati, don takardar ɗaukar nauyi, I-864, da ya sa wa hannu alkawari ne da kotu ke iya tilastawa. Ka zauna da shi, ka nuna masa shafin hukumar ya karanta maganar kwana 10 da idonsa, ka ce masa ba ka so wata matsala ta biyo ta gidansa. Ka roƙe shi duk ambulan da ta zo da sunanka ya ɗauki hotonta ya turo maka ta WhatsApp ranar da ta zo, don wadda aka riga aka buga kafin canjin ya shiga tana iya sauka can. Ka kuma yi masa alheri da wannan labarin: mai ɗaukar nauyi, shi da matarka, idan nauyin ya hau kansu bayan an ba ka kati, duk wanda ya sauya gida sai ya sanar cikin kwana 30 da fom I-865, in ba haka ba akwai tara. Da yawa ba su sani ba. Inna kuwa, in ka ga maganar za ta yi tsawo a waya, ka sa yayanka ya je ya zauna da ita ya ce mata ba barin Kawu ka yi ba, hukuma ce ke son sanin inda kake kwana.

Ga sauran masu karatu, don na san daga Marwa da Ngaundare da Injamena akwai masu irin wannan damuwa. Wanda shari'arsa ke gaban alƙalin shige da fice, kamar masu neman mafaka da yawa, nasa ya fi tsanani: ranakun aiki 5 kacal, da fom EOIR-33, kai tsaye ga kotun, kuma sanar da USCIS ba ya isar masa. Canza adireshi ba ya ɗauke shari'ar zuwa sabon gari, sai an roƙi alƙali ya amince. Wanda bai halarci zama ba ana iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa. Na Faransa kuma, ofishin furefe, wato wakilin gwamnati a yankin da kake zaune, shi ke da hurumin dosiyenka, in ka sauya yanki hurumin ya sauya. Mai katin da ya wuce na shekara ɗaya yana da wata 3 ya sanar, ta ANEF, shafin gwamnati na takardun baƙi, da shaidar mazauni. Wanda kuma yake nan gida ya samu bizar zama daga ofishin jakadancin Amurka a Yawunde, adireshin da ya rubuta a fom ɗin neman biza, DS-260, can za a kai katinsa. In mai masaukin ya tashi, ya gyara a ranar ganawa ko ya gaya wa jami'in filin jirgi ranar da ya sauka.

Kai kuma ɗana, in aurenku bai kai shekara 2 ba ranar da aka amince, katin shekara 2 za a ba ka, kuma cikin kwana 90 na ƙarshensa sai kun shigar da I-751, takardar neman cire sharaɗin da ke kan katin. Wajibcin kwana 10 yana nan a kanka duk lokacin da ka sauya gida, har ranar da ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Kada kewar gida ta sa ka hau jirgi zuwa Kamaru kafin izinin tafiya ya shigo hannunka, fita ba shi watsi da dosiye ne. Ka kuma kira yayanka a makon nan ya je ya karɓo maka cikakken kwafin takardar haihuwa, ya aiko tun ba a nema ba. Ka gaida mai ɗakinka.