Godiya bayan cin bak: wa ake fara zuwa wurinsa, me ake riƙewa a hannu

Ɗana, barka da arziki. Allah ya sanya albarka a wannan bak, jarrabawar kammala sakandare da ka ci, ya sa ta amfane ka, ta amfane mu. Ka ce abokanka na fada, wato majalisarku ta samari, za su haɗa kuɗi su yi hayar kujeru da lasifika, kowa kuma ya rubuta godiyarsa a Facebook, kai kuwa hankalinka bai kwanta ba. Kana tambaya wa ake fara gode wa a al'adarmu, me ake kaiwa, ko saƙon waya ya wadatar. Na ga gara in amsa maka a rubuce, don ƙannenka su samu in lokacinsu ya zo.

Bak ba ta zo mana da wata al'ada tata ba. Abin da mutanen Damagaram ke yi aro ne daga saukar Alƙur'ani: a yi sadaka a ƙofar gida, a yi addu'a, ɗalibi ya bi manya da malamai gida-gida yana neman albarka. Tushensa kuwa ka san shi. A suratu Luƙman, aya ta 14, Allah ya haɗa godiya gare shi da godiya ga iyaye, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Saboda haka godiya da ƙafa ake kai ta, kuma bi da bi. Wayar da ka yi wa mahaifinka ranar da aka kira sunaye albishir ce, godiyar tana nan tana jiranka.

Tun da a Birni, nan Damagaram, sakamako ya same ka, fara da gidan da aka riƙe ka shekara 3. Ka sami maigidan a zaure bayan sallar asuba ko bayan isha'i, lokacin da babu baƙi, ka cire takalmi, ka durƙusa, kada ka riga shi miƙa hannu. Daga nan ka nemi izini ka shiga wurin matarsa, ka gode mata ita kaɗai da bakinka. Yara da yawa a nan suke kuskure, su gode wa maigida su ɗauka sun gama, alhali ita ce ta riƙa ajiye maka tuwo a rufe duk daren da ka yi latti wurin karatu. Kwalin sukari, sabulu sanda 3 ko 4 da ɗan turaren wuta sun isa a kai mata. Kuma dole mahaifinka ya zo da kansa, ko ya aiko babban mutum, ya yi wa gidan nan godiya. Riƙon ɗan wani ya fi ƙarfin godiyar yaro shi kaɗai.

Kada ka wuce kwana 2 ba ka kama hanyar garinku Matamaye ba. In ka isa, mahaifinka tukuna, sannan matan gida bisa girmansu, uwargida kafin kowa, ko da ba ita ta haife ka ba. Tsallake ɗakinta zuwa na mahaifiyarka yana iya jawo maganar da za ta shekara ba ta mutu ba, kuma ƙanwata ce za ta sha ta bayan ka tafi. Ita kuwa mahaifiyarka, kai ɗan fari ne, ka san ba za ta ɗaga kai ta dube ka ba, wataƙila “to, madalla” kaɗai za ka ji. Kada wannan ya sa ka gajarta. Zauna ka faɗi abin da ka zo faɗi har ƙarshe, ka ambaci akuyar da ta sayar aka biya maka kuɗin jarrabawa, ka roƙe ta gafara da addu'a. Kunya ce ta rufe mata baki, amma kunnenta a buɗe yake. Bayan gida sai dangin uba, sai dangin uwa. Kakarka za ta ce mijinta ya yi arziki ya manta da ita, ka tanadi goronta na musamman, taubasai ma haka.

Yanzu malamai, inda tambayarka ta fi nauyi. Lissafa da kyau: shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji (ƙaramar sakandare), 3 a lise (babbar sakandare), shekara 13 ke nan, kuma kafin su duka akwai malamin allo. Shi ake fara zuwa wurinsa, kuma shi kaɗai ne za ka iya ba kuɗi kai tsaye, don sadaka ga malamin allo abu ne sananne tun daga kuɗin Laraba. Ka haɗa da goro, ka ajiye a gabansa bisa buzu ko tabarma, ya yi maka addu'a ka shafa. Sai mushe, wato malamin boko, wanda ya koya maka haɗa baƙi a ajin farko. Shi ne aka fi mantawa, don an daɗe da rabuwa, sau da yawa ma an canza masa gari. Tambayi daraktan lakkol ɗinku, wato shugaban makarantar, ko ofishin sufeto, za su gaya maka inda yake. In ya yi nisa, a nan ne waya ke da hurumi, amma kira za ka yi da murya, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da shekarar da ya koyar da kai. In ya rasu, ka je wurin iyalinsa, ka gaya musu ɗalibinsa ne ya ci bak, ka yi masa addu'a a gabansu.

Malaman lise kuwa kada ka ja lokaci, don da zarar an gama gyaran takardu da yawansu ke tafiya hutu garuruwansu. Mako guda bayan sakamako ya kamata a ce ka gama da su. Lokacin zuwa shi ne hantsi, ko bayan la'asar kafin a kira magariba. Ba a zuwa da azahar, mutum yana hutawa ko yana shirin cin abinci, sai ka ɗora wa gidan nauyin ciyar da kai. Ku je ku 3 ko 4, kada ku kai 10, zaure ba zai ɗauke ku ba kuma maganar za ta koma hayaniya. Minti 15 zuwa 20 ya isa. In madam ce matar aure, ku tsaya a ƙofa ku aika yaro, in an ce ku shiga ku shiga, in ta fito zaure shi ke nan.

Mushe ba a damƙa masa kuɗi a hannu. Ma'aikaci ne mai albashi, kuma kuɗi daga hannun ɗalibi yana kama da biyan lada, wani zai mayar maka, ku rabu kowa da kunya. Goro 10 ko 20, ko dabino rabin tiya, ko kwalin shayi da sukari, ba wanda zai ƙi. In kuna son abin da zai daɗe, ku haɗa hannu ajinku duka: mutum 30, kowa dala 100, jika 15 ke nan. Ku je wurin dukawa ku sa a ɗinka jakar fata ta zuba takardu, aikin fatar garin nan ba sai an yi masa talla ba, ko ku sayi darduma mai kyau a Kasuwar Dole. Ku haɗa da takarda da hannu aka rubuta, kowa ya sa hannu. Abu ɗaya ka riƙe, ka kuma gaya wa ƙannenka: duk wannan bayan fitar sakamako ne. Kyauta ga malami kafin jarrabawa, ko ga wanda ya yi gadin ɗaki ko ya gyara takardu, tana zubar da mutuncin mai bayarwa da mai karɓa, ko da zuciya fari ce.

Game da goro, saya ana gobe za ka fita, ka zaɓa da hannunka, ka duba kada a sa maka mai sankara. Fari ya fi daraja wurin manya. Ka naɗe shi a ganye ko tsumma mai ɗan laima, kada ka ƙulle shi a leda cikin zafi, zai yi gumi ya lalace. Da hannun dama ake bayarwa, a naɗe.

Abin da za ka faɗa ya fi abin da ka riƙo. “Mun gode da komai” kowa na iya faɗinta. Ka kawo abu takamaimai: “Mushe, na zo in shaida maka Allah ya ba ni bak. Darasin lissafin da ka riƙa ƙara mana ranar Asabar ba tare da ka karɓi ko dala ba, shi ya tsayar da ni. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. In na taɓa ɓata maka rai a aji, ka yafe mini.” Neman yafiyar nan kada ka bar ta, ba ɗalibin da ya shekara 3 gaban malami bai taɓa saɓa masa ba. Wanda ya fi matsa muku ma ka je wurinsa, har ka riga zuwa can. Sannan mai kula da tarbiyya, da maigadin lise, da matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa. In tana bin ka bashi, biya kafin ka sa ko dala ɗaya a hayar kujeru. Littattafan aro ma ka mayar wa masu su.

Sadakar gida mahaifinka ne zai sa mata rana, ba kai ba. Da hantsi a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a kira liman da mai unguwa da maƙwabta, a yi addu'a, a raba goro da dabino, a fito da fura ko masa, a aika cikin gidajen maƙwabta da nasu. Ƙwaryar goro guda, wato goro 100, tana isar mutum 50 in an ba kowa 2. Kada ka bari a ci bashi saboda wannan. Damina ce, rumbu ya yi ƙasa, hatsi na tsada, ga kuɗin takardu da rajista suna tafe, ko jami'ar André Salifou ta nan za ka shiga ko Abdou Moumouni ta Yamai. Duk wanda ya aiko maka da kyauta, ka ba ɗan aiken tukwici, washegari kuma ka bi waɗanda suka yi ɗawainiyar girki da ban gajiya.

Zaman fada ban hana ka ba, abokan da kuka kwana gaban allo tare suna da hakki. Amma ku dakata sai an gama zagaye na biyu na jarrabawar, kada kiɗanku ya tashi wani na cikin ɗaki yana bitar jarrabawar da ta rage masa. Kuma ku rage lasifikar, a unguwar akwai gidan da ɗansu ya faɗi. Shi wannan abokin, ka bar shi kwana 2, sannan ka je kai kaɗai, ba da sabuwar riga ba. Kada ka yi masa wa'azin haƙuri, ya ji shi daga bakin kowa. Ka gode masa kan abin da ya taimake ka da shi, ka kai masa takardun darasinka da tsofaffin tambayoyin da ka tara, ka gaya masa ranar zaman fada da bakinka, in bai zo ba kada ka riƙe shi.

Facebook kuwa sai ƙafa ta gama aikinta. In za ka rubuta, kada ka jera sunaye, don wanda ka tsallake shi zai fi kowa lura. Kada ka sa hoton mahaifiyarka ko na matar mai riƙonka ba da izininsu da na mazajensu ba, kuma kada ka ɗora hoton takardar sakamako mai ɗauke da lambarka da ranar haihuwarka. In an sa ranar tafiyarka jami'a, ka sake zagaya gidajen nan, mai riƙonka da malamin allo da kakanni, ka yi musu ban kwana ana jibi za ka tashi. Ka biyo ta nan kafin ka wuce Matamaye, akwai saƙon da za ka kai wa mahaifinka.

Kawunka.