Sunan ɗan da zai zo a ƙarshen hunturu

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Allah Ya sauki mai ɗakinka lafiya, Ya raba su cikin sauƙi. Ka ce a asibiti sun ƙiyasta haihuwar a ƙarshen Fabrairu, kuma ka ga Turawa na raɗa wa 'ya'yansu sunan watan da aka haife su, shi ne kake tambaya ko al'adarmu ta yarda ka nemi sunan da ya dace da wannan lokaci na sanyi.

Ta yarda, har ma ta riga su nisa. Sai dai mu suna biyu muke da shi, kowanne da mazauninsa. Akwai sunan yanka, wanda uba ke yi wa jariri huɗuba da shi, ran bakwai a yanka rago, liman ya yi addu'a, a raba goro, wanzami ya yi aski. Wannan ba ruwansa da yanayi. Ana ɗauko shi daga sunayen annabawa da sahabbai da iyaye. Ya tabbata a hadisi cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wajen Allah. Idan mace ce, ga Maryam, ga Khadija, ga sunan mahaifiyarka da ba a yi mata takwara ba har yau. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi a zuci.

Lokacin haihuwa kuwa laƙabi ne ke ɗaukarsa, kuma a nan ne Bahaushe ya baje kolinsa. Wanda ya zo ana ruwa, Anaruwa. Na tsakiyar damina, Marka. Na lokacin shuka Shibkau, na lokacin noma Nomau, wanda ya tarar ana roron wake kuma Ciwake. Ka ga kusan duka daga gona suka fito, domin da ita iyayenmu ke lissafin shekara. Hunturu bai samu rabo mai yawa ba, amma a gidanmu an yi Ɗari, ƙanen kakanka. Kakata ta ce da asuba aka haife shi, hazo ya rufe gari har ba a hango rumbu daga ƙofar ɗaki, ungozoma na hura hannunta kafin ta yanke cibi. Da aka miƙo mata shi a nannaɗe cikin tsohon gwado sai ta ce, "Wannan ai ɗari ne ya rako shi." Ya tsufa ya rasu, mutanen gari da yawa sai ran jana'iza suka ji sunansa na yanka.

Kada ka raina ƙarfin laƙabi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU, Hajaratu aka yanka mata. Gambo ya bi ta ne don ta zo bayan tagwaye. Gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981 Abdulƙadir ne, amma da Balarabe Musa duniya ta san shi.

Abin da nake so ka duba fiye da Fabrairu shi ne watan Musulunci da haihuwar za ta faɗa ciki. Shekarar hijira tana gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, don haka watanninmu yawo suke yi a cikin yanayi. A 2010 an ɗauki azumi a Agusta, tsakiyar marka. A 2025 kuwa ran 1 ga Maris aka tashi da shi, Fabrairun shekarar ya tafi a Sha'aban, wanda iyayenmu ke kira watan sha ruwan tsofaffi. Idan ɗanka ya zo a cikinsa, Sha'aban suna ne mai kyau da ake yanka wa rago. Idan cikin azumi ne, Ramadan ko Ɗan'azumi, mace kuma Azumi. Idan ya jira har Salla, ga Sallau ga Tasalla. Sunayen ranaku, su Ɗanladi da Jummai da Asabe, ka san su.

Ra'ayina dai, kada ka zauna kana ƙirƙiro laƙabi tun ciki bai sauka ba. Wannan aikin kakanni ne, kuma daga abin da idonsu ya gani a ranar yake fitowa. Balle idan ka sa sunan mahaifiyarka, dole surukarta ta yi alkunya, ba za ta iya kiran sunan gatsau ba, a nan za a nemi Ummi ko Walida ko wani da lokacin ya kawo. Su ma dangin matarka ka ji ta bakinsu, ko da yake raɗin haƙƙinka ne.

Tunda da sauran sanyi a lokacin, ka tanadi itacen wankan jego da wuri, da man kaɗe saboda fatar jariri. Kuma ka hana a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba a ankara. Da zarar ta sauka ka kira ni, ko da tsakar dare ne, ka faɗa mini ranar da kwanan wata. Goron suna ka bar mini shi.