Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramar akori-kura ko babba, wacce za ta ja tirela?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayen aya da wake a kasuwannin wajen Gazawa da Tasawa, ina kawowa Maraɗi. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, kuma mai walda ya haɗa mini tirela mai cin buhu talatin, amma ba ta da birki. Yanzu wani ya tallata mini Ford F-250 ƴar Amurka, ya ce ita ce daidai da aikina. In sayar da Hilux ɗin ne? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin a je ga cinikin mota, a fara lissafin kayan. In buhun kilo 100 ne, talatin sun ba da kilo 3,000. Tirelar walda mai irin wannan girma, da ƙarfe mai kauri da aksul biyu, a ce ita kanta ta kai kilo 800. Ke nan kilo 3,800 kake ja. Hilux ta ƴan shekarun nan mai injin gazuwal, iyakar abin da kamfani ya yarje mata shi ne kilo 3,500, tsofaffi kuwa ba su kai haka ba. Kuma wannan adadin na tirela mai birki ne. Marar birki, kilo 750 ne iyakarta, da ita da kayanta. Tirelarka ko babu buhu ɗaya a kanta ta riga ta cinye wannan.

Don haka matsalarka ta farko birki ce, ba girman mota ba. Injin Hilux zai ja tan huɗu a shimfiɗaɗɗiyar kwalta irin ta Tasawa zuwa Maraɗi, shi ya sa mutane ke cewa "ai tana ja". Ranar da jaki ko amalanke ya faɗo hanya ne za a gane cewa birkin da aka yi don tsayar da tan uku an ɗora masa kusan tan shida. Tirelar za ta turo bayan motar, ta karkatar da ita, su naɗe. Ko F-250 ka saya, wannan tirelar sai an sa mata birki. Iri biyu ne: akwai wanda ke cikin wuyan tirela, da motar ta rage gudu nauyin tirelar ya danno sai ya ja birkin da kansa, akwai kuma na lantarki, mai ƴar na'ura kusa da direba. A nan na farkon ya fi sauƙin gyara.

Sai ka nemi farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet. A motocin da suka biyo ta Turai lambobi huɗu ne a jere: nauyin mota da kayanta, nauyin mota da tirela a haɗe, sai iyakar aksul na gaba da na baya. Lamba ta biyu ita ce mutane ba sa dubawa. A wasu Hilux da aka sayar a Ostareliya, misali, kilo 5,850 ce. Motar babu kaya tana wajen kilo 2,100. In ka ja 3,500 cif, abin da ya rage wa direba da yaran mota da jarkoki da tayar safaya bai wuce kilo 250 ba. Wato ba a cika tirela a kuma cika bodi a tafiya ɗaya.

Ga lissafin da zai yi maka aiki: buhu ashirin a tirela mai birki, kilo 2,800 gaba ɗaya. Wajen kashi goma cikin ɗari na wannan nauyi, kilo 280, zai zauna a kan ƙugiyar motar, kuma daga kayan da bodi zai iya ɗauka ake cire shi. Hilux tana ɗaukar abin da ya kusa tan ɗaya. Cire 280, cire mutum uku, abin da ya rage buhu huɗu ne a bodi, ba goma ba.

Yanzu maganar F-250. A Amurka ana kasa waɗannan motoci gida-gida. F-150 da Ram 1500 da Silverado 1500 da Toyota Tundra su ne masu ƙaramin aiki. F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, Silverado 2500HD da 3500HD su ne masu babban aiki. Kada girman jiki ya ruɗe ka: Tundra ta fi Hilux faɗi da tsawo, tana kuma jan abin da ya kai tan huɗu da rabi, amma kayan da wasunsu ke ɗauka a bodi bai kai na Hilux ba. Hanya mafi sauri ta gane mai babban aiki ita ce ƙirga notin taya, takwas ne. Shasinta ya fi kauri, birkinta ya fi faɗi, lagiretonta babba ne, akwai mai sanyaya man giya, kuma aksul na baya an yi shi ne yadda bututun ke ɗaukar nauyi, sandar ciki juya taya kawai take yi. Mai gazuwal ɗinta ta fi tan uku babu kaya, kuma wannan nauyin da tsawonta su ke hana tirela kaɗa ta. A wajen ja dai, tan huɗu ba komai ba ne a wurinta.

Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Masu gazuwal da aka ƙera daga 2007 zuwa sama suna da matacin hayaƙi a salansa, na baya-bayan nan kuma suna shan wani ruwa da ake kira AdBlue. An yi su ne don gazuwal mai tsabta ƙwarai. Man kwalba na bakin hanya, mai ƙura da ruwa, yana iya kashe famfon mai, kuma in famfon ya niƙe, garin ƙarfe ya bi bututu ya lalata nozul duka. Kayan gyaransu ba a zube suke a Maraɗi ba kamar na Toyota, sai an yi oda an jira, ga makanikin ma sai mai kwamfutar da ke karanta ta. Sannan nauyin F-250 da kayanta ya kai wajen kilo 4,500, alhali permi B, wato lasisin tuƙin ƙananan motoci, iyakarsa 3,500. Tirelar da ta wuce kilo 750 ita ma tana da nata rukunin, E. Ka tabbatar da takardun direbanka kafin jandarma su tambaya.

Ra'ayinmu: ka riƙe Hilux, ka sa wa tirela birki, ka rage lodi zuwa buhu ashirin. In kuwa kasuwa ta buɗe har buhu talatin zuwa arba'in ya zama na kowane mako, to aikin ya bar hannun akori-kura. Canter ko Dyna za ta ɗauke su a bayanta ba tare da tirela ba, kuma duk garejin garin nan an san ta.

TAMBAYA: Muna da tankin ruwa na lita 2,000 a kan tirela, muna kai wa dabbobi a arewacin Dakwaro. Hanyar yashi ce. Hilux ko Land Cruiser? Kuloci biyu muka canza. Daga wani makiyayi.

AMSA: Malam, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tan biyu ne ruwan kaɗai, da tanki da tirela ka doshi tan uku. A takarda, Hilux sabuwa da Land Cruiser 79 duk 3,500 aka rubuta musu. A yashi ba ɗaya ba ne. Land Cruiser tana da aksul ɗan sanda gaba da baya, ta fi nauyi, kuma injinta 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, ba turbo, yana ja tun daga ƙasa kuma yana haƙuri da man da ake samu a daji. Ba ta da gudu, amma aikinku ba na gudu ba ne. Ita za mu zaɓa. Babbar motar Amurka a nan nauyinta ne zai nutsar da ita.

Kulocin kuwa tuƙi ne ke cin sa. Direba na tashi da giya ɗaya ta sama, yana riƙe kuloci rabi yana ba da wuta har ya yi wari. A sa ƙaramar giya, 4L, tun kafin a shiga yashi, a saki kuloci gaba ɗaya, a tafi da giya biyu ko uku ba tare da canji a tsakiyar tudu ba. A rage iskar tayoyi, har da na tirela, domin tayar tirela mai tauri huda take yi tana jan motar baya. Da an hau kwalta a mayar da iska, a kuma cire 4x4, in ba haka ba giyar tsakiya ta ɗaure.

Abu ɗaya game da tanki: a cika shi fal ko a tafi da shi babu komai. Rabin tanki ya fi haɗari, don ruwan na gudu gaba da baya a duk birki. In dole ne a riƙa raba ruwa a hanya, mai walda ya sa faranti masu huji a ciki su karya ƙarfinsa.

TAMBAYA: Tirelata tana rawa da na wuce gudun 70 a hanyar Gidan Runji. Makaniki ya ce in ƙara sifirin a bayan mota. Haka ne? Daga wani direba.

AMSA: Ƙarin sifirin zai ɗaga bayan motar, ba zai hana rawa ba, kuma ba ya ƙara wa aksul ko birki ko shasi ƙarfi. Ɓoye alamar lodi kawai yake yi. A mota mai ƙofa huɗu, inda shasi ke lanƙwashewa in lodi ya yi yawa shi ne tsakanin gidan direba da bodi.

Rawar tirela yawanci daga lodi take. Kaya sun yi yawa a bayan aksul, wuyan ya yi sakayau. Ka matsar da wajen kashi sittin cikin ɗari na nauyin zuwa gaban aksul, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su kada su zame. In ka iya ɗaga wuyan tirela mai lodi da hannu ɗaya, lodin bai yi ba. A duba kuma tirelar ta zauna daidai, ba hancinta a sama ba. A duba ƙwallon ƙugiya: na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma babba na inci 2 da 5/16. Bakin tirela babba a kan ƙaramin ƙwallo yana kwance kansa a gargada. Ƙugiyar kanta a ɗaure ta da shasi da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9, ba a jikin bamba ba, ba kuma walda a kan shasi ba. Sarƙa biyu, a gicciye ƙarƙashin wuyan, don in ta kwance su tallabe shi.

Tayoyin tirela su ma a karanta su, don a nan aka saba sa mata tsofaffin da mota ta yar. Lambar da ke bayan girman taya ita ce nauyin da take ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya mako ne da shekarar ƙira. A zafin watan Afrilu da Mayu, tsohuwar taya mai ƙarancin iska ba ta daɗewa ƙarƙashin lodi.

In rawar ta kama ka a hanya, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe har gudu ya sauka, sannan ka sauka gefe ka sake lodin. Mai birkin lantarki ya danna na tirela kaɗai da hannu, shi ke miƙar da ita.