Ta ina zan fara wa ɗalibai darasin tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni sabuwar malama ce, an ba ni 'yan aji ɗaya na babbar sakandare in koya musu tarihi da ilimin zamantakewa. Matsalata yaran sun ɗauka darasin haddar shekaru da sunaye ne kawai, da na shiga sai hamma. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Gaskiya yaran nan ba su yi laifi ba, in dai abin da aka saba ba su shi ne wane ya hau wane ya sauka a shekara kaza to ai dole su yi hamma. Shawarata ki ajiye manhaja a gefe na sati ɗaya ki fara da tambaya guda: ta yaya aka sani?

Ki haɗa baki da wani malami ya faɗo ajin kina tsakiyar bayani, ya ɗauki littafi a kan teburinki ya faɗi kalma biyu uku ya fice, ke kuma ki ci gaba kamar ba a yi komai ba. Bayan minti goma sai ki ce kowa ya rubuta abin da ya faru, ban da leƙen na kusa. Za ki sha kallo, wani zai ce a fusace ya shigo, wata ta ce murmushi yake, na can bayan aji ma bai ji komai ba amma sai ya rubuta abin da yake zaton an faɗa. Ki karanta musu guda biyar sannan ki ce to wanda zai zo bayan shekara 100 ya tsinci takardun nan, da wacce zai yarda? A nan za su kama bambancin ganau da jiyau, su kuma gane cewa shi ganau ɗin ma daga inda yake zaune ya gani.

Daga nan sai ki kawo musu masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377 ya caccaki marubuta masu kwafe labari ba tare da sun auna shi ba, ya ba da misali da marubucin tarihi Mas'udi da ya ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Sai Ibn Khaldun ya ce a'a tsaya, daular Farisa da duk girmanta mutum 120,000 aka ce ta tara a yaƙin Ƙadisiyya da ta gwabza da Musulmi, kuma wane fili ne zai ɗauki sahun mutum dubu ɗari shida har ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan ke ciki? Wato bai tsaya a kan wa ya ruwaito ba, ya ƙara da anya hakan zai yiwu kuwa.

To wannan "anya" ɗin ita ce ƙofar ilimin zamantakewa, don ba ki iya cewa abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba sai kin san yadda jama'a ke tafiyar da rayuwa, yawansu, arzikinsu, mulkinsu. Misali masanin zamantakewa Durkheim na Faransa a 1897 ya duba alƙaluman masu kashe kansu, abin da kowa ke gani lamari ne na mutum shi kaɗai, sai ya ga ya fi yawa a cikin marasa aure fiye da ma'aurata, a cikin Furotesta fiye da Katolika. Ba sai kin kai yara can ba, ki sa su ƙirga masu latti na sati biyu su rubuta nisan gidan kowa da abin da yake hawa ya zo, su gani ko lalaci ne kamar yadda ake faɗa ko da wani abu a ƙasa.

Shekaru kuma kar ki watsar da su fa, jarabawa na nan, sai dai kowace ta zo da tambayarta. An harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular Austria-Hungary, a birnin Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, to me ya sa harbin nan ya ja manyan ƙasashen Turai cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya? Shi ashana ce kawai, su nemo busasshiyar ciyawar, ƙawancen soja da tseren makamai da rigimar yankin Balkan.

Abu ɗaya da za ki yi hattara da shi, akwai mai wayon da zai ɗaga hannu ya ce ashe kenan duk tarihi ƙarya ne. Ki mayar da shi kan takardun ajin, duk saɓaninsu ai ba wanda ya ce malamin bai shigo ba ko bai ɗauki littafi ba. In kin zo ba da maki kuma, rabi ki ba amsa rabi ki ba hujjar da yaro ya kawo, kuma ki faɗa musu haka tun ranar farko.