Amsa ga mai tambaya kan barci a motar Mararaba zuwa Wuse

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana fitowa daga Mararaba bayan sallar asuba zuwa aiki a Wuse, barci yana kwashe ka a hanya, kana son sanin ko da haɗari. Na daɗe ina bin hanyar nan, kuma a ganina magana tana ga irin motar da ka shiga.

Tun da aka hana ƙananan bas shiga tsakiyar Abuja a 2013, dogayen motoci ba sa isar jama'a, sai aka koma tare kabu-kabu a bakin titi. A nan 'yan wan-cans, wato 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja da sunan motar haya, suka ƙara samun kafa. Motarsu kamar ta kowa ce: direba da mutum biyu ko uku zaune kamar fasinjoji, wani lokaci har da mace don hankalinka ya kwanta. Abin da ke ceton mutum shi ne lura da wuri. An ɗage gilasai, an kulle ƙofofi, kana shiga direba ya daina neman fasinja, ko ya saki hanya ba dalili. Mai gyangyaɗi ba zai ga ko ɗaya ba. Kafin ya farka an fita daga cikin jama'a, an karɓe waya da katin ATM, ana matsa masa ya faɗi lambar sirri. Wasu ma turo su ake yi waje mota na gudu. Don haka motar bakin titi, wallahi ko idona na rufewa da kansa, gara in ciro goro in tauna.

Dogon bas da ka hau daga tasha da sauƙi, ni ma nakan ɗan runtsa. Matsalarsa 'yan sane ce. Aljihun gefe na kaftani ba wurin ajiya ba ne, da reza ake tsaga shi ba ka ji ba. Jaka a kan cinya, ka zura hannu cikin igiyarta. In kana bakin taga kada barci ya ɗauke ka da waya a hannu, domin a cunkoson Nyanya daga waje ake miƙo hannu.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa ba. Gangaren Kugbo, da ke kan wannan hanya, an san shi da manyan motoci masu tsinkewar birki. Idan direbanku ya taka birki da ƙarfi, wanda ke farke zai dafe, mai barci kuwa goshinsa ne zai daki ƙarfen kujerar gaba.

Da yamma sai ka gaya wa kwandasta inda za ka sauka, ko ka saita ƙararrawar waya. In ba haka ba a Masaka, can gaba da Mararaba, za ka farka cikin dare, ka dawo bakin titi kana tare irin motar da muke gudu.