Tambaya da Amsa: Su a Tafkin Eri Bayan Narkewar Ƙanƙara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, a Tudun Wada nake zaune, kuma gidanmu gidan masunta ne, domin tun ina yaro nake bin mahaifina Kogin Galma da birgi da mamari, kafin aikin gwamnati ya raba ni da ruwa har zuwa ritaya. Ɗana yana aiki a birnin Toledo na jihar Ohayo a Amurka, kuma ya gayyace ni in je in ga jikokina a watan Afrilu. Ya ce ya riga ya kama mana jirgi domin mu shiga Tafkin Eri mu nemi wani kifi da suke kira wolayi, wai lokacin ne farkon kakarsa. Ina roƙon a yi mini bayanin wannan kifi, da dalilin da ya sa ake nemansa cikin sanyi, da kuma ko abin da na gada a Galma zai yi mini amfani, don kada in ji kunya a gaban ɗan da na haifa.

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya kai ka lafiya, ya kuma yi wa wannan yaro albarka. Idon da ka koya a Galma zai yi maka amfani ƙwarai, amma hannunka sai ka sake masa sabon horo, domin hannun da ya saba da jefa birgi da ƙarfi yana da gaggawar da wannan kifi ba ya so a cikin ruwan sanyi.

Wolayi kifin ruwan daɗi ne na arewacin Amurka da Kanada. Jikinsa dogo ne, bayansa ruwan zinariya mai duhu, cikinsa fari, yana da ƙaya a gadon baya da haƙora masu tsini, kuma akwai ɗan farin tabo a ƙasan wutsiyarsa da ake gane shi da shi. Wanda aka fi kamawa bai cika wuce kilo 1 zuwa 2 ba, sai manyan mata da kan kai kilo 4 ko 5, saboda haka kada ka tafi da tunanin giwan ruwa, wanda kan haura kilo 100. Mafi girma da aka rubuta a jihar Ohayo ya ɗan haura kilo 7, kuma a Tafkin Eri aka kama shi a 1999. Abin da ya ba shi daraja shi ne namansa, fari tas marar ƙarni sosai. Sirrinsa kuwa yana cikin idonsa, wanda daga gare shi sunan ya samo asali. A bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, kuma shi ke ba shi damar gani a cikin duhu da gurɓataccen ruwa fiye da ƙananan kifayen da yake farauta. Wannan ido ne ya sa yake gudun hasken rana mai ƙarfi, ya fi cin abinci da asuba da magariba da ranar da hadari ya rufe sama.

Shi kuma Eri ɗaya ne daga manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 25,700 ne, wato kusan ninki 20 na Tafkin Kainji, kuma idan kana tsakiyarsa ba ka hango gaɓa. Duk da wannan girma, shi ne mafi ƙarancin zurfi a cikin biyar ɗin, musamman ɓangarensa na yamma inda Toledo take, wanda matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Saboda haka ne wannan ɓangare yake riga sauran ɗumi idan ƙanƙara ta narke, kuma can kifin yake taruwa.

Dalilin nemansa cikin sanyi ka riga ka san shi, sai dai a wata kama. Ka san yadda tarwada ke yunƙurowa idan ruwan farko ya sauka, kogi ya kawo, ta bi sabon ruwa zuwa fadama domin zuba ƙwai. Abin da ruwan farko yake yi wa tarwada, shi narkewar ƙanƙara take yi wa wolayi. Da zarar ɗumin ruwa ya kai kamar digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin salshiyos, wanda a yammacin Eri yakan faɗo daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sai kifin da ya warwatsu a faɗin tafkin ya nufi wuraren da ƙasan ruwa yake da duwatsu da tsakuwa. Wasu suna hawa kogunan Momi da Sandoski, wasu kuma suna tsayawa a kan tuddan duwatsu da ke cikin tafkin kusa da garin Fot Kilinton. Mazan ne suke fara isa, kuma su ne suke daɗewa. Matan suna zuwa su watsa ƙwai a kan tsakuwa, yawanci da dare, su wuce abinsu ba tare da yin sheƙa ko gadi ba, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin kimanin mako 2 zuwa 3 gwargwadon ɗumin ruwa. A taƙaice, farkon kakar wolayi shi ne lokacin da kifi mai yawa yake cunkushe a ƙaramin wuri marar zurfi.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Kifi jininsa yana bin ruwan da yake ciki, don haka a ruwa mai digiri 6 jikinsa a mace yake, ba zai kori abinci da nisa ba. Abin da aka fi amfani da shi a kan duwatsun nan ƙugiya ce mai kan dalma, nauyinta kamar giram 15 zuwa 20, an ɗaura mata gashi mai launi, wani lokaci kuma a maƙala mata ɗan ƙaramin kifi a matsayin koto. Mai jirgi zai kashe inji ya bar iska ta riƙa tura ku a hankali a kan tudun. Aikinka shi ne ka saki zare har ka ji dalmar ta taɓa ƙasa, ka ɗaga sandar fatsa kamar kamu ɗaya ko biyu, sannan ka bar ta ta koma ƙasa da zare a miƙe, ka yi ta maimaitawa. Mafi yawan cizo yana zuwa ne lokacin da ƙugiyar take faɗawa. Kada ka jira fizga irin ta tsage ko jan tarwada. Sau da yawa abin da za ka ji bai wuce ɗan ƙwanƙwasa ɗaya ba, ko kuma ka zo ɗagawa ka ji nauyi kamar ƙugiya ta kama ciyawa, to a nan ne za ka ɗaga sandar da sauri amma ba da ƙarfin tsiya ba. Wanda ya bar zarensa ya yi sako-sako zai wuni kifi yana taɓawa yana tofarwa bai sani ba, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da ke raba wanda ya cika sanho da wanda ya dawo hannu rabbana alhali jirgi ɗaya suka shiga.

Akwai hanya ta biyu, inda jirgi yake tafiya a hankali ƙwarai, ƙasa da saurin mai tafiya a ƙasa, yana jan kifayen roba a bayansa a ruwa mai ɗan zurfi. Da ita aka fi samun manyan mata, amma mai jirgi ne yake yin yawancin aikin, kai sai naɗe zare. Idan an ba ka zaɓi, ɗan masunta zai fi jin daɗin ta farko.

Inda gadonka zai fito fili shi ne karatun ruwa. Idan ruwa ya yi garau, iska ta kwanta, rana ta take, kifin yakan lafe a ƙasa ya ƙi ci. Idan kuma guguwa ta dama tafkin ya zama kamar kunun kanwa, ba ya ganin ƙugiyar. Abin nema shi ne tsaka-tsaki, ruwa mai ɗan kore-kore da 'yar igiya a samansa, musamman bakin layin da ruwan laka ya haɗu da mai tsabta. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda rafi ke zuba jan ruwa a Galma da damina ya san irin wannan layi.

Sai maganar doka, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisin kamun kifi, kuma akwai na baƙi na kwana 1 ko 3. A 'yan shekarun nan ƙa'idar Ohayo a Tafkin Eri ita ce wolayi 6 ga kowane mutum a rana, kuma duk wanda bai kai inci 15 ba, wato kimanin santimita 38, dole a mayar da shi. Ana duba adadin kowace shekara, domin jihohin da ke kewaye da tafkin da lardin Ontariyo na Kanada suna zama su yanke yawan kifin da za a kama, saboda haka ɗanka ya karanta takardar bana. A koguna kuma akwai ƙarin sharuɗɗa a watannin Maris da Afrilu, kuma kifin da ƙugiya ta soka a jiki maimakon baki haramun ne a ajiye shi. Ba haka kawai suka tsananta ba. A 1970 sai da aka rufe kamun wolayi na kasuwanci a tafkin saboda gubar sinadarin makuri, wato zaiba, da masana'antu suka zuba, kuma a kan wannan hutu da dokokin da suka biyo baya kifin ya farfaɗo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a Argungu ma ana tsare kogin Matan Fada har ranar biki. Abin da ke damuna shi ne mu da muka san wannan hikima muna kallon ana tace ruwan Galma da gidan sauro, wasu ma har da zuba maganin ƙwari na gamalin, a daidai lokacin da kifi yake ɗauke da ƙwai. Shawarata, idan Allah ya ba ka babbar mace mai cikin ƙwai, ku ɗauki hoto ka sake ta ko da doka ta yarda ka riƙe, domin mace ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubun dubbai, kuma matsakaitan mazan sun fi daɗin ci.

Game da lafiyarka, Baba, sanyin da ka sani na hunturun Zariya ba ya kama ƙafar na tsakiyar tafkin nan a Afrilu. Ka sa tufafi hawa-hawa, da rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa, da safar hannu da hular sanyi. Kada iya iyo ya ruɗe ka, domin ruwa mai digiri 5 yana ɗauke numfashin mutum nan take, ya kashe masa hannuwa cikin mintuna kaɗan. Ka sa rigar kariya daga nutsewa tun daga gaɓa. Rashin zurfin tafkin yana sa igiyar ruwa ta tashi cikin gaggawa, don haka idan mai jirgi ya ce yau ba fita, kada ku matsa masa. Ka kuma sha maganin jiri kafin ku tashi, domin rawar jirgi a Eri daban take da ta kwalekwale.

TAMBAYA

Malam, ina kiwon tarwada a kududdufin siminti a Samaru. Na ji ana yabon naman wannan kifi na Amurka. Ko zan iya sayo 'ya'yansa in gwada kiwonsa a nan?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA

Hajiya, ban ba ki wannan shawara ba. Kifin ya fi walwala a ruwa mai digiri 20 zuwa 24, kuma yana shiga wahala idan ruwa ya kusanci 30, abin da kududdufin Samaru yake kaiwa cikin sauƙi a Maris da Afrilu. Ƙwansa ma ba ya nuna a cikin uwar sai ta yi watanni a ruwa mai tsananin sanyi, kuma yana buƙatar iska mai yawa a ruwa, ba kamar tarwada da ke haɗiyar iska daga sama ba. Idan farin nama kike so ki ƙara a kasuwarki, ki gwada karfasa a kududdufi na daban, ki nemi 'ya'ya maza zalla daga amintaccen mai ƙyanƙyasa domin kada su hayayyafa su cika miki ruwa da ƙanana.