Da 2:2 na fita, banki zai ɗauke ni?

Tambaya: Anti, na gama digiri a fannin tattalin arziki da sakamakon 2:2, wato ƙaramin mataki na daraja ta biyu. Bankuna uku na nemi horon aiki, babu wanda ya kira ni. Sakamakon ne ya rufe min ƙofa?

Amsa: Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, manyan bankuna da yawa kan gindaya sharaɗin 2:1, wato babban mataki na daraja ta biyu, kuma sau tari kwamfuta ce ke tace takardun kafin idon mutum ya kai gare su. Wasu har sakamakon sakandare suke dubawa, musamman lissafi da Turanci. Abin yana ci min rai, domin na ga masu 2:2 da suka fi abokan aikinsu ƙwazo nesa ba kusa ba.

Ki karanta tallar aiki da kyau, wasu kan rubuta ƙarara cewa suna karɓar 2:2. Kada ki raina ƙananan bankuna. Ki dage da atisayen jarrabawar gwaji, agogo a gabanki, domin ƙarancin lokaci ne ke kayar da mutane. In da hali ki fara ACCA, wato jarrabawar ƙwarewa ta aikin akanta, ko matakin farko na CFA, jarrabawar ƙwarewa ta masu nazarin harkar zuba jari mai matakai 3, ki rubuta shi a saman takardar neman aikinki.